Faifai ko Saukewa: Wane Wasa Ne Naka Da Gaske?

Ranar 31 ga Maris, 2024, kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe manyan kwamfutocin da ke riƙe da The Crew, wasan tseren motocin da ya fitar a 2014. Daga ranar, wanda ya sayi wasan ta intanet ya danna, bai buɗe ba. Wanda ya sayi faifai, da kwalinsa da hotonsa, yana lallaɓa shi shekara tara, shi ma ya zura a na'ura bai wuce shafin farko ba. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Ba a yi wata guda ba kuma wasu suka tarar an janye lasisin wasan daga asusunsu ɗungurungum.

Na fara da wannan ne saboda gardamar da 'yan gem suka daɗe suna yi, wai faifai mallaka ne, saukewa kuma haya, rabin gaskiya ce. Na yi shekaru ina ɓangaren masu faifai, har yanzu ma zuciyata tana can, amma na daina yarda cewa duk abin da ka riƙe a hannu naka ne. Abin tambaya a kan kowane wasa shi ne: in kamfanin da ya yi shi ya juya baya gobe, zai tashi ko ba zai tashi ba? Da wannan ma'auni zan auna hanyoyin da ake samun wasa a yau.

Bari mu ba faifai haƙƙinsa tukuna, don yana da abin da babu mai ƙwace masa. Ka gama wasa, ka sayar da shi, ka cika kuɗi ka ɗauko wani. Abokinka ya zo, ka miƙa masa kwalin ka ce ya dawo da shi bayan sati biyu. Babu kalmar sirri, babu neman izinin kowa. Wannan ƙaramin 'yancin ya taɓa girgiza kasuwa. A 2013 Microsoft ta sanar cewa sabuwar na'urarta Xbox One za ta riƙa neman intanet sau ɗaya duk awa 24, za kuma a sa wa sayar da wasa na hannu sharuɗɗa. Sony ta mayar da martani da ɗan gajeren bidiyo na zolaya, mai koyar da yadda ake ba da aron wasa a PlayStation 4: wani jami'inta ya miƙa wa wani kwali, shi ke nan darasi ya ƙare. Kafin watan Yuni ya fita Microsoft ta janye tsarin.

Akwai kuma wasannin da ake cirewa daga kasuwa saboda yarjejeniyar waƙoƙi ko ta motocin da ke cikinsu ta ƙare. Haka ta faru da Forza Horizon 4 a Disambar 2024, da Spec Ops: The Line a farkon 2024. Wanda bai saya ba kafin ranar, ƙofar kantin intanet ta rufe masa. Faifai na hannu kuwa yana nan yana yawo daga hannu zuwa hannu. A nan ne mai faifai ke da bakin magana.

To amma me ke cikin faifan? Nan ake yin ta. Ka yage ledar sabon kwali, ka ji wannan ƙamshin roba, ka zura faifai, sai ka ga wani siririn layi ya bayyana a allo yana rarrafe, a ƙarƙashinsa an rubuta gigabait kaza, saura awa kaza. Wani lokaci gyara ne kawai na ranar farko, ana iya tsallake shi a buga wasan yadda yake. Wani lokaci kuma wasan ne kacokan ake saukowa da shi. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke kansa bai wuce megabait saba'in da 'yan kai ba, alhali faifan PlayStation 5 yana iya ɗaukar gigabait 100. Wato mabuɗi aka sayar maka a siffar faifai. Nintendo ma, wadda aka sani da riƙo da katin wasa, da ta fito da Switch 2 a Yunin 2025 ta zo da wani nau'in kati da ba ya ɗauke da wasan, sai dai ya buɗe maka hanyar sauke shi. Ita dai ta rubuta hakan ɓaro-ɓaro a gaban kwalin, kuma ana iya sayar da katin ko a ba da aronsa. Wannan ya fi lambar sirri da ake amfani da ita sau ɗaya ta mutu. Sai dai ranar da aka rufe inda ake saukewa, katin ya zama abin wasan yara.

Saboda haka faifai iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda za ka zura a na'urar da ba ta taɓa ganin intanet ba, ya tashi, ka buga shi har ƙarshe. Akwai kuma fanko. Yawancin manyan wasannin labari na mutum ɗaya har yanzu suna cikin kashin farko, ko da kuwa da 'yan kurakuran da gyara ya kamata ya share. Hanyar ganewa ba wuya: juya kwalin, duba ƙananan rubutun da ke ƙasa. In an ce sai da intanet, ko sai an sauke ƙarin kaya, ka san abin da ka riƙe.

Yanzu ɓangaren saukewa. Maɓallin da kake dannawa yana cewa saya, amma takardar sharuɗɗan da babu mai karantawa tana cewa lasisi, wato izinin amfani. Tun asali haka abin yake, kwanan nan ne dai aka tilasta faɗa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Satumbar 2024, ta fara aiki a farkon 2025, wadda ta hana kantunan intanet amfani da kalmar saye ba tare da sun bayyana wa mutum cewa lasisi yake karɓa ba. Tun kafin ta fara aiki Steam, babban kantin wasannin kwamfuta na intanet, ya ƙara ɗan rubutu a shafin biyan kuɗi yana faɗin haka. Dokar ba ta ƙara wa mai saye komai ba. Ta dai hana a kira zanen aro da sunan gado.

A nan zan saɓa wa 'yan'uwana masu faifai, don suna yawan zuzuta haɗarin fiye da yadda yake. Rufe kanti ba ɗaya yake da ƙwace kaya ba. Nintendo ta rufe kantin intanet na na'urorinta Wii U da 3DS a Maris 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yulin 2024, kuma a duka biyun an bar wa mutane damar sake sauke abin da suka riga suka saya. Sony ta ce za ta rufe na PlayStation 3 da Vita a 2021, aka yi mata ca, ta fasa. Steam yana nan tun 2003, kuma mutane da yawa suna buga abin da suka saya shekara goma sha biyar da suka wuce a sabuwar kwamfuta, abin da mai tsohon faifai ba kasafai yake iya yi ba sai in tsohuwar na'urarsa tana da rai. Faifai ma yana karcewa, yana ɓata, idon na'urar da ke karanta shi yana mutuwa.

Amma an taɓa yin ƙwacen, shi ya sa tsoron bai zama na banza ba. P.T., ɗan gajeren wasan ban tsoro da Konami ta raba kyauta a 2014, an cire shi a 2015, aka kuma toshe sake sauke shi har ga waɗanda yake cikin asusunsu. Na'urorin da ke ɗauke da shi suka koma kayan gwanjo masu tsada. A Disambar 2023 Sony ta sanar cewa za ta goge shirye-shiryen talabijin na Discovery da mutane suka biya kuɗi suka saya, sai da hayaniya ta yi yawa aka sabunta yarjejeniya. Akwai kuma ƙwace na sannu, wanda ba a cika lura da shi ba: sabuntawa ta zo ta cire waƙoƙi daga wasan da ka saya, kamar yadda aka yi wa Grand Theft Auto IV a 2018. Wasan yana nan, amma ba shi ne wanda ka biya ba.

Babban raunin saukewa a wurina ma ba kamfani ba ne, asusu ne. Duk abin da ka tara yana rataye da igiya ɗaya. A sace kalmar sirrinka, ko a dakatar da asusun saboda rigimar biyan kuɗi, ko ka rasa imel ɗin da ka buɗe shi da shi, wasa ɗari sun tafi a dare ɗaya. Na san wanda ya yi wata biyu yana musayar saƙo da wani kamfani a kan asusun da ya buɗe yana ɗan makaranta. Suna tambayarsa lambar katin da ya fara biya da shi, katin da ya daɗe da mutuwa. Mai faifai in ɓarawo ya shiga, abin da hannunsa ya ɗauka ya ɗauka. Mai asusu kuwa gaba ɗaya ake yashe shi.

Sayarwa kuma babu. Ƙungiyar kare masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta kai Valve, mai Steam, kotu a kan wannan. A 2019 wata kotu a birnin Faris ta ce mutum yana da ikon sayar da wasan da ya sauke, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2022, kotun ƙoli kuma ta tsaya a kan sokewar a 2024. Gado ma haka: sharuɗɗan Steam sun ce asusu ba ya canza hannu. A aikace mutane suna rubuta wa 'ya'yansu kalmar sirri su ajiye, amma wannan dabara ce, ba haƙƙi ba.

To me ya sa duk da haka mafi yawan ciniki ya koma can? Saboda daɗinsa na gaske ne. Ba ka tashi canza faifai. Ragin farashi a kantunan intanet, musamman na kwamfuta, yakan kai inda kwali ba ya kaiwa. Dubban ƙananan wasanni masu kyau, na mutum ɗaya ko biyu da suka zauna suka ƙirƙira, ba su taɓa ganin faifai ba kuma ba za su gani ba. A kwamfuta ma gardamar ta mutu tuni, don yawancin sababbi ba su da wurin sa faifai. Aro ya ɗan dawo ta wata ƙofa: tsarin iyali na Steam da aka buɗe wa kowa a 2024 yana barin mutum shida na gida ɗaya su yi tarayya a wasanninsu. Sannan ga mayar da kuɗi. Tun 2015 Steam yana mayar wa mutum kuɗinsa in bai wuce kwana 14 da saye ba kuma bai buga awa biyu ba. Wannan kariya ce da mai yage ledar kwali ba kasafai yake samu ba. A kula dai, ba duk kantuna ne haka ba. A na PlayStation, da zarar ka fara saukewa, damar ta kusan wucewa sai in wasan ya zo da matsala.

Akwai hanya ta uku da ba a cika sa ta a gardamar ba, kuma in mallaka ce damuwarka, ita ce ta fi kusa da ita. Kantin GOG, wanda kamfanin CD Projekt na Folan ya kafa a 2008, yana sayar da wasannin kwamfuta ba tare da makullin da ke tambayar izini ba. Kana sauke fayil ɗin girkawa, ka kwafe shi a rumbun ajiyarka, ka sake kwafewa a wani. Ko kantin ya rufe gobe, fayil ɗin zai girku. A takarda shi ma lasisi ne, amma babu hannun da zai miƙo ta waya ya ɗauke shi. Faifai ne da ba ya karcewa, muddin ka yi kwafi biyu. Aibinsa biyu: yawancin manyan sababbin wasanni ba sa zuwa can, ko su zo a makare, kuma ba ka iya sayarwa. Aikin ajiya ma ya dawo wuyanka.

Biyan kuɗin wata, irin Game Pass da Microsoft ta fara a 2017 da PlayStation Plus, ba zan daɗe a kansa ba, don shi bai yi wa kowa ƙarya ba. Haya ce, an ce maka haya ce. Wasanni suna shiga suna fita, ka daina biya ƙofa ta rufe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga mai son ɗanɗana wasa goma ya zaɓi ɗaya, babu kamarsa. Ga wanda wasa ɗaya ke ɗaukar masa wata huɗu, asara ce a hankali. Wanda ya fi wannan rauni shi ne wasan da ke gudana a kwamfutar kamfani kai kana kallon hotonsa kawai. Google ta rufe nata irin wannan tsarin, Stadia, a Janairun 2023, ta mayar wa mutane kuɗinsu, abin a yaba. Amma wanda ya mayar maka da kuɗi bai mayar maka da wasan ba.

Sai batun sharhi da maki, wanda mutane ke ɗauka wata gardama ce daban, alhali a haɗe suke. Da, mai sharhi yana auna abin da ke kan faifai, kuma abin da ya auna shi za ka saya ko bayan shekara biyar. Yanzu wasa yana canza kama bayan an ba shi maki. Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 da yabo mai yawa, saboda nau'in kwamfuta kaɗai aka ba masu sharhi kafin fitowa. Waɗanda suka saya a PlayStation 4 suka tarar da abin da ba ya buguwa yadda ya kamata, har Sony ta cire shi daga kantinta, bai dawo ba sai Yunin 2021. Yau wasan ya gyaru sosai. Ka lura da abin da wannan ke nufi ga mai faifai: abin da ke kwance a kan faifansa na 2020 shi ne gurgun. Lafiyayyen yana cikin sabuntawar da sai an sauke. No Man's Sky na 2016 ma haka, ya fito ana zagi, shekaru suka mayar da shi abin yabo. Wani lokaci kuma akasin haka ake yi, a fito da wasa tsaf, a karɓi maki, sannan a cusa masa kantin sayen kaya da kuɗin gaske, kamar yadda aka yi wa Crash Team Racing Nitro-Fueled a 2019.

Makin jama'a shi ma sai an tace. A Mayun 2024 'yan wasan Helldivers 2 suka yi masa ruwan maki marasa kyau a Steam, ba don wasan ya lalace ba, sai don Sony ta ce dole kowa ya haɗa asusun PlayStation, wanda ba a buɗe shi a ƙasashe da yawa. Cikin kwanaki ta janye. Wasu suna kiran irin wannan ɗanyen aiki, kuma wani lokaci haka ne. Metacritic, shafin da ke tara makin wasanni, sai da ya sa jinkirin awa 36 kafin jama'a su fara ba da maki, bayan abin da aka yi wa The Last of Us Part II a 2020, inda aka yi ta yanke hukunci kafin a ce wani ya isa ya gama wasan. Ni dai ina ganin wanda ba shi da ikon sayar da kayansa, ba shi da ikon mayarwa, maki ne kaɗai sandar da ta rage a hannunsa. Abin yi shi ne ka duba ranar da aka rubuta sharhi, da na'urar da aka buga a kai, ka karanta na kwanan nan, ka ga ko fushin a kan wasan ne ko a kan kamfanin. Biyan kuɗi kafin wasa ya fito kuwa cinikin biri a sama ne, kuma a saukewa ba shi da ko hujjar da yake da ita a da, tunda kayan ba ya ƙarewa a kanti.

Ga yadda nake rabawa. Wasan labari na mutum ɗaya, wanda zan gama sau ɗaya in wuce, faifai nake saya in an tabbatar cikakke ne, don rabin kuɗina yana iya dawowa. Wanda nake ƙauna har ina son in koma masa bayan shekara goma, shi ma faifai, ko GOG in yana can. Wasan da rayuwarsa duka a intanet take, na harbi ko na ƙwallo da ake fafatawa da mutane, sauke shi nake yi ba tare da wani dogon tunani ba, don faifansa ba zai cece shi ba ranar da aka kashe shi. Concord na Sony sati biyu kacal ya yi a 2024 aka rufe shi. Irin wannan ina biyan kuɗinsa ne kamar tikitin kallo, ina auna ko abin da zan more a bana ya kai kuɗin. Wanda nake shakka a kansa, ko dai in ɗanɗana ta biyan wata, ko in saya inda ake mayar da kuɗi in sa ido a kan agogo.

Masu fafutukar Stop Killing Games, da Ross Scott ya fara a 2024 bayan mutuwar The Crew, ba su ce a riƙe kowane wasa har abada ba. Cewa suka yi in kamfani zai tafi, ya bar wasan a halin da zai iya tashi ba tare da shi ba. Takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025, Ubisoft kuma tun a 2024 ta yi alkawarin sa wa The Crew 2 hanyar bugawa ba intanet. Dalilin damuwar ba ƙarami ba ne: binciken Video Game History Foundation na 2023 ya gano kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu.

Shawara ɗaya ce ba ta gyaruwa cikin sauƙi bayan an yanke, ita ce ta na'ura. Xbox Series S ba ta da wurin faifai kuma ba a ƙara mata. PlayStation 5 tana da nau'i marar faifai, Pro ɗin da ya fito a 2024 ma haka yake zuwa, sai dai a sayi abin karanta faifan daban a maƙala, kuma shi kansa sai an haɗa shi da intanet a karon farko. Marar faifai ta fi sauƙin kuɗi ranar saye, amma daga ranar kanti ɗaya gare ka, farashin da ya yanka shi ne farashi, tun da Sony ta daina ba sauran 'yan kasuwa lambobin cikakkun wasanninta su sayar tun 2019. Mai wurin faifai tana yin duka biyun: ka sauke in ragi ya faɗo, ka sayi na hannu in ya fi araha, ka karɓi aro. In ka san ko sau uku a shekara za ka sayi na hannu ko ka sayar da wanda ka gama, ɗauki mai faifan.